Tafin Hannun Mai Hoda

A duk faɗan da Mai Hoda ta taɓa yi da mijinta, kuma ba kaɗan ba ne, babu wanda ta sha kaye ƙiri-ƙiri irin na robar wanke buroshi. Robar 'yar mitsitsiya ce, faɗin tafin hannu, launin ruwan hoda, fuskarta duk ƙuraje da zane-zane kamar bayan kwaɗo. Autarta ce ta sayo mata. Ta ce silikon ake kiran abin, a kansa ake goga buroshin kwalliya a maimakon tafin hannu, kuma kuɗinsa bai kai na sabulun wanka mai ƙamshi ba. Uwar ta juya robar, ta shinshina, ta ce ba ta ga buroshi mai mutunci da zai yarda a goga shi a bayan kwaɗo ba. Ta wurga ta kwandon shara a gaban idon mai sayowar. Auta ta ɗauki jakarta ta fice ko sallama babu.

Mijin, tsohon direban bas ne da ya ajiye aiki, ba ya iya ganin sabon abu a shara ya wuce. Ya tsame robar, ya wanke, ya rataye ta a ƙusa a banɗaki, kullum da safe ya zauna ya gurje kaushin dunduniyarsa da ita. Mai Hoda tana gani, tana taɓe baki. Sai bayan 'yan watanni, ranar da likita ya hana ta sa sabulu a hannun hagu, ta shiga banɗakin ta fito da robar riƙe da yatsa biyu.

"Malam, wannan ai tawa ce."

"Da taki ce," in ji shi, bai ko rage rediyo ba.

Ta ce 'yarta ce ta saya mata. Ya ce shi ma, a iya saninsa, 'yarsa ce. Ta ce ba don ƙafa aka yi abin ba. Ya ce ƙafarsa ba ta kai ƙara ba. Ta ɗaga murya har maƙwabciyar da ke bene na sama ta kashe famfonta don ta ji da kyau. Shi kuwa ya bari sai da ta gaji, sannan ya ɗora ƙafa ɗaya a kan tebur, ya juya mata dunduniya.

"To ɗauki, Mai Hoda. Amma duk amaryar da kika shafa wa kunci, ki gaya mata hanyar da buroshin ya biyo."

Ta tsaya, ta dubi ƙafar, ta dubi robar. Ta koma ta maida ita ƙusarta. A wannan ranar dunduniyar tsohon ta fi tafin hannunta laushi, kuma duka biyun sun sani.

Hannun nan kuwa shi ne jarinta tun tana budurwa. Ta fara ne a kantin wata mata mai sayar da kayan shafe-shafe, inda aikinta shi ne goge kwalabe da korar 'yan matan da ke gwada janbaki kala-kala su tafi ba su sayi ko ɗaya ba. A nan ta lura mace ta fi saurin buɗe jaka idan a fuska aka shafa mata abu ta gani a madubi. Daga kunci ɗaya ta koma yin fuska sukutum. A kantin nan buroshi ɗaya ne ke yawo a kan kowace fuska daga safe har yamma, kuma da idonta ta ga wata ta dawo da fatar ido a kumbure kamar dafaffen ƙwai, tana neman mai kantin da zagi. Tun daga nan ta ɗora wa kanta doka: buroshi ba ya taɓa fuska biyu sai ya sha wanka a tsakani. Babu wanda ya tilasta ta. Irin dokar nan da mutum ke kafa wa kansa yana da ƙuruciya, ba tare da ya tambayi tsohon da zai zama ba ko zai iya ɗauka.

Daga baya ita da ƙanwarta suka kama shago, dogo siriri kamar lungu. Ƙanwar tana gyaran gashi a gaba, da kujerunta da dirayarta ta busar da gashi mai ƙara kamar injin niƙa. Mai Hoda tana can ƙurya da kujera ɗaya tak a gefen taga, domin a cewarta hasken ƙwan lantarki maƙaryaci ne. A kujerar nan amare suka zauna, da ƙawayen amare masu son su fi amarya kyau, da masu zuwa ɗaukar hoto, da matan da za su je bikin tsohon saurayinsu don ya ga ba su mutu ba. Ta san wadda ta yi kuka kafin ta zo, ta san wadda ba ta yi barci ba. Ba ta tambaya. Sai dai ta ƙara hoda a ƙarƙashin ido.

Da yamma, idan ƙanwar ta share gashi ta tafi, sai Mai Hoda ta shige bayan labule inda famfo yake, da tarin buroshin da suka yi aikin yini. Ta jiƙa kan buroshi, ta ɗiga sabulun ruwa a tafin hannun hagu, ta dinga juya shi a ciki a hankali. Launi ya fito, ja, baƙi, ruwan ƙasa, ya bi tsakanin yatsunta ya gangara. Ta ɗauraye, ta sake. Ba ta duban buroshin ma, tafin ne ke gaya mata. Mai sauran maiƙo santsi yake yi. Wanda ya fita tas yana ɗan kama fata. Idan ta danna da yawa, tafin ya ji zafi, sai ta sassauta. Ta matse ruwan, ta gyara gashin da yatsa, ta jera su a kwance a kan tawul a bakin tebur, kawunansu a waje. Ba ta taɓa tsayar da su a kofi ba, don ruwa zai bi wuyan ƙarfen ya jiƙa gam ɗin da ke riƙe gashin. Sannan ta kulle shago, ta hau bas da ƙafafu a kumbure, ta isa gida ta tarar da direba shi ma a miƙe, su shiga gardamar wa ya fi wani gajiya. A haka aka haifi yara, aka yaye, aka aurar, har aka zo kan Auta.

Sabulu ba ya cin mutum da gaggawa. Da farko tafin ya bushe, ta shafa mai. Ya fara ƙaiƙayi, ta sosa a gefen tebur. Sai fata ta fara saɓulewa, layukan tafin suka tsage, sabulu ya shiga ciki ya yi ta ci kamar barkono. Akwai yammacin da ruwan da ke gangara ya yi ja alhali buroshin na hoda ne fari.

Da a ce hannun ɓoye ne, da ta ci gaba har ya ruɓe, don taurin kai ba a gaya mata. Amma a sana'arta hannun dama ke aiki, na hagu ke lallashi. Shi ke tallafe haɓa, shi ke juya fuska zuwa haske, shi ke ja fatar gefen ido a hankali. Mata suka fara ɗan janye kai idan ta kawo shi. Wata rana uwar wata amarya, wadda ta zauna tana gadin fuskar 'yarta kamar za a sace, ta kama wuyan hannun ta juya shi.

"Baiwar Allah, wannan abin dai ba ya yaɗuwa ko?"

Mai Hoda ta ce sabulu ne. Matar ta ce to, ta ciro hankici ta goge yatsunta.

Ta gwada safar hannu. Masu zuwa suka ɗauka ƙyamarsu take yi, wasu suka ɗauka cuta take ɓoyewa, gumi kuma ya taru a ciki ya ƙara dagula ciwon. A wannan tsakanin ne ƙanwar ta fara kawo zancen wata yarinya da ta gama makarantar kwalliya, mai ƙaton akwati da fitila mai zagaye, wadda rabin 'yan matan unguwa ke kallon aikinta a waya. Ta ce yarinyar za ta riƙa taimakawa ne kawai. Mai Hoda ta ci gaba da jera buroshinta. Ta dai san taga ɗaya ce a shagon, kujerar da ke gefenta ma ɗaya ce, kuma ba a zama mutum biyu a bayan kujera ɗaya.

Auta ce ta ja ta zuwa wajen likitan fata. Ya duba, ya ba da man shafawa, ya ce ko dai sabulu ya bar hannun nan, ko hannun ya bar aiki. Daga asibitin ne ta dawo ta yi wancan faɗan da ta sha kaye. Da labari ya kai ga Auta, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta sake sayo wata robar, koriya wannan karon, ta ajiye a teburin shago. Abin da ta ce kawai shi ne a ɓoye ta kada Baba ya gani. Uwar ba ta tambayi yadda ake amfani da ita ba. Macen da ta wanke buroshi tun kafin a haifi mai sayowar, ina za ta buɗe baki ta tambaya?

Ta shimfiɗa robar a ƙasan wurin wanke hannu, ta ɓoye hannun hagu a bayanta kamar ɗalibar da aka hukunta, ta kama gurza da na dama. Launi ya fita da sauri, wannan kam ba ta musa ba, ko da yake ba ta faɗa wa kowa ba. Matsalar ita ce roba ba ta magana. Ba ta cewa ya isa, ba ta cewa kin danna da yawa. Mai Hoda kuma ba ta yarda buroshi ya fita ba tunda ba ta ji a fatarta ba. Sai ta ƙara sabulu, ta ƙara dannawa, ta gurza kamar mai kankare gindin tukunya, da haushin likita, da haushin direba, da haushin yarinya mai fitila, duk a kan gashin da ba a yi shi don kokawa ba. Kawunan buroshin suka fara bajewa kamar tsintsiyar da ta tsufa. Ta ce ruwan famfo ne ya canza.

A cikinsu akwai wani babba mai laushi, baƙin gashi, wanda ta saya da albashinta na farko. Da shi take rufe kowace kwalliya, shafa ɗaya ta ƙarshe daga goshi zuwa haɓa. Wata safiya aka kawo amarya fara tas, an makara, mota tana jira a bakin shago. Mai Hoda ta gama komai, gira ta zauna, ido ya fito, ta ɗauko babban ta yi shafar ƙarshe. Da ta ja baya don ta duba, sai ta ga gashi. Baƙaƙen silin gashi sun manne a kumatu, a kan leɓen sama, a gefen hanci, sun nutse a cikin hodar ruwan da ba ta gama bushewa ba. Amarya ta buɗe ido ta ga kanta a madubi da gashin baki kamar kyanwa.

Ba ta yi kuka ba, Allah ya taimaka, don da ta yi da an koma farko. Gwaggonta ce ta yi abin da ya fi kuka. Ta faɗi duk abin da ya zo bakinta game da tsufa, da makanta, da mutanen da ba su san lokacin tashi daga kujera ba. Direban mota yana ta danna oda. Mai Hoda ta sa tabarau, ta ɗauki hantsaki, ta sunkuya, ta dinga cire gashin ɗaya bayan ɗaya, kowane sili ya bar ɗan layi sai ta bi ta cike. Ƙugunta yana ihu, ba ta miƙe ba har ta gama. Amarya ta fita da kyaunta, a makare. Ƙanwar tana can gaba riƙe da kan wata, ta kashe diraya tun tuni, tana kallon komai ta madubi. 

Da yammacin ranar ta daɗe a bayan labule ba ta buɗe famfo ba. Ta ja gashin babban buroshin da yatsa biyu, ya biyo ta kamar dafaffen zare. Ta ajiye shi gefe. Tsohuwar gajiyar ƙafa da baya ta saba da ita, suna gaisawa kullum. Wannan wata ce daban, irin wadda ke zama a ƙirji ta ce wa mutum to me ya rage. Ta ɗauki robar da nufin ta bi da ita hanyar kwandon sharar da ta farkon ta bi, sai da ta juya ta, yatsunta suka zame cikin wani aljihu da ke bayanta. Ta san da aljihun. Ta ɗauka na ratayewa ne, don ta nan direba ke maƙala tasa a ƙusa. Yatsu uku suka shige daidai, robar ta kwanta a kan tafin kamar an auna.

Ta tsaya tana kallon hannunta sanye da koren bayan kwaɗo. Ta zagi wanda ya ƙera abin, da bai rubuta a jiki ba. Ta zagi direba. Sannan ta sa safar hannu a ciki don kada ruwa ya shiga, ta maida robar, ta ɗauki ƙaramin buroshin gira ta juya shi a hankali. Ta ji shi. Ba kamar da ba, kamar dai jin hirar maƙwabta ta bango, amma idan ta danna da yawa tafin yana sani. Santsin maiƙo ne ba ta ji ko kaɗan, kuma ba za ta sake ji ba. Don haka ta samo farin tawul, duk wanda ta ɗauraye sai ta shafa shi a kai ta kai wa taga ta duba. Abin da hannu ke yi ido rufe, yanzu sai da tabarau da haske da ƙarin tsayuwa.

Ta sayi sababbin buroshi masu araha, ta yi ta ƙorafin cewa gashinsu na roba ne, komai na duniya ya koma roba, saura mutane. Babban kuwa ta ba shi aikin kaɗe ƙura a kan teburin shago. Tsagar tafin ta fara rufewa, sabuwar fata ta fito jajir, mai sheƙi, kamar ta jariri a hannun tsohuwa. Ba ta nuna wa kowa ba. Labarin amarya mai gashin baki dai ya riga ya zaga unguwa, ya ma yi 'ya'ya a hanya, har wasu na cewa gemu ne.

Ranar da ba a buɗe shago, ƙanwar da Auta suka zo gidan tare. Da ganin yadda suka shigo da leda cike da lemo, suka zauna a gefen kujera gwiwa a haɗe, ta san an yi shawara a bayanta. Direba yana kusurwarsa da rediyo a cinya. Ƙanwar ta fara da yabo, ta daɗe a kai, kamar mai shafa mai kafin allura. Sannan ta ce yarinyar nan mai fitila a shirye take ta fara farkon wata, kuma ba za a manta da Yaya ba, za a riƙa aiko mata da rabonta har gida.

Mai Hoda ta buɗe tafin hannun hagu ta ɗora a kan tebur kusa da lemon. Suka leƙa. Auta ta taɓa da yatsa, ta ce lallai ya yi kyau, ta so ta tambaya ko robar ce, ta ga idon uwar ta haɗiye.

"Yaya, ba hannun ba ne kaɗai," in ji ƙanwar. "Ina ganinki ta madubi. Kina dafa bango kafin ki miƙe. Ranar nan da kika sunkuya a kan amaryar nan, na ɗauka ba za ki taso ba."

Wannan ba ƙarya ba ne, kuma Mai Hoda ba ta ce ƙarya ne ba. Ta jingina da kujera. Kujerar tana da laushi, ba ta taɓa lura ba, don ba ta cika zama a kanta da rana ba. Ta yi tunanin barci har rana ta fito, da ƙafa marar kumburi, da yammacin da babu tarin buroshi yana jiranta a bayan labule. Abin ya yi mata daɗi har ta lumshe ido. Su biyun suka dubi juna, suka ɗauka sun ci.

Auta ta matso ta ce Mama ta yi wa duniya kwalliya ya isa, yanzu lokacin zaman gida ne da hutawa. Nan ne direba, wanda da ya yi shiru da ƙila yau yarinya mai fitila ce a gefen taga, ya rage rediyo ya ce shi ma ya goyi baya. Ya ce kaɗaici ya ishe shi. Ya ce ta zauna, su yi ta hira, su yi ta kallon juna daga safe har yamma.

Kujerar gefen taga har yanzu tata ce. Tana dafa bango, tana sa tabarau, tana ƙorafi, koriyar roba tana ɓoye a aljihun teburinta. Ba a kuma sake tayar da zancen ba tun daga abin da ta faɗa a ranar, bayan ta buɗe ido ta daɗe tana duban mijinta daga goshi har haɓa, sannan ta juya ga Auta.

"In zauna in kalli wace fuska? Guda ɗaya ce ta rage a gidan nan, ta ubanki. Tun ina da ƙarfina na duba ta ta kowane gefe, babu hodar da za ta yi mata magani. Ku bar ni in tafi inda aikina ke ci."